Ƙugin Lasifika da Wayar Ƙasa: Jan Hankali ga Matasanmu Masu Sa wa Gurmi Lantarki

Jawabin da kwamitin sana'o'in hannu ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, reshen Kaduna



Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba kwamitinmu wannan dama. Mun san wasu daga cikin dattawanmu za su yi mamaki, ganin cewa ƙungiyar da ta saba zama a kan batun rijiyar burtsatse da rufin ajujuwa da kuɗin jarrabawar marayu, yau ta ware lokaci domin maganar ƙugin lasifika. To, dalili ne ya kawo haka. 'Ya'yan garinmu da ke cin abinci da kayan sauti a nan Kaduna sun ƙaru ƙwarai. Daga Kawo zuwa Hayin Banki, daga Badarawa da Unguwar Dosa zuwa Unguwar Shanu da Abakwa, akwai masu ba da hayar lasifika domin biki da walima, akwai masu gyaran amfilifaya, akwai kuma wani rukuni da ya fi jan hankalinmu, wato yaran da suka ɗauki gurmi da garaya da kukuma irin na kakanninsu suka sa musu lantarki da hannunsu. Dukkansu ciwo ɗaya ke damunsu: da zarar an kunna kaya, tun kafin makaɗi ya taɓa tsarkiya, sai lasifika ta kama wani ƙugi mai kauri wanda ba ya yankewa. Abin da ya tayar mana da hankali kuwa shi ne maganin da ya fi yaɗuwa a tsakaninsu, domin magani ne da ke kashe ƙugi ya bar mai kayan a bakin kabari.

Kafin mu shiga gyara, ya kamata mu yaba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙoƙin finafinan Hausa, kayan kiɗanmu masu tsarkiya suka fara ja da baya a wuraren biki. Daɗinsu yana nan, muryarsu ce ta kasa. Gurmin da Haruna Uji ya yi suna da shi, da kukumar Garba Supa, da kuntigin Ɗanmaraya Jos, duk an ƙera su ne domin zaure da dandali, inda jama'a ke zaune kusa suna saurare. A filin da aka jera manyan lasifikoki, ga janareta na ruri a bayan rumfa, ba mai jin su. In an kafa musu makirufo, makaɗi ya zama kamar an ɗaure shi wuri ɗaya, in kuma an ƙara murya sai kuwwa ta tashi. Saboda haka yaron da ya tafi Tsohuwar Panteka ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya sayo 'yan tarkace ya dasa wa gurminsa maɗaukin sauti, wanda su suke kira fikof, numfashi ya ƙara wa al'adar gidansu. Ba kuma shi ya fara ba. A Kinshasa ta ƙasar Kwango, Mingiedi Mawangu da ƙungiyarsa ta Konono No. 1 sun sa wa likembe lantarki, wato ɗan akwatin nan mai harsunan ƙarfe da ake kaɗawa da manyan yatsu, suna amfani da maganaɗisun da suka tsinto daga matattun motoci, har faifansu na 2004 ya zagaya duniya. Bassekou Kouyaté na Mali ya yi haka da ngoni, wanda ɗan'uwan molo ne na jini. Mdou Moctar na Nijar kuwa, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta.

Daga ina ƙugin yake?

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wutar da ke shigowa gidajenmu ba hanya ɗaya take bi ba kamar ta batir. Kai-komo take yi, sau 50 a cikin kowace daƙiƙa, a kan ƙarfin bolt 230. Injinan Kainji da aka kammala a 1968, da na Shiroro da ke kan wannan kogi namu na Kaduna tun 1990, da sauran tashoshin ƙasar nan, duk a kan wannan ƙidaya suke juyawa, kuma da ita wutar ke isowa tashar Mando kafin a rarraba ta unguwanni. Duk wayar da wannan wuta ke bi tana baza wani tasiri a kewayenta wanda ido ba ya gani. Tun 1831 Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa idan ƙarfin maganaɗisu yana sauyawa a kusa da waya, to wuta za ta taso a cikin wayar ko da ba a jona ta da komai ba. Da wannan ƙa'ida janareta ke aiki, da ita taransifoma ke aiki, da ita kuma ƙugi ke shiga kayan kiɗa ba tare da sallama ba.

Wutar da maɗaukin sauti ke fitarwa ƙarama ce ainun, sau da yawa ba ta wuce wani ɗan kaso na bolt ɗaya ba. Aikin amfilifaya shi ne ta riɓanya duk abin da ya shigo mata, ita kuwa ba ta san bambancin zaƙin tsarkiya da tsintuwar da waya ta yi a hanya ba. Abin da kunne ke ji a matsayin ƙugi, kai-komon nan ne na 50, tare da 'ya'yansa na 100 da 150. Matasanmu da ke koyon aiki daga YouTube za su riƙa jin ana ambaton 60. Wannan ƙidayar Amurka ce, ciwon dai ɗaya ne. Wanda ke aiki da ƙaramin janareta yana da wata shaida a kusa: sai injin ya juya sau 3,000 a minti ɗaya kafin ya ba da 50, don haka idan aka ɗora masa kaya ya nishi, za a ji muryar ƙugin ta sauka tare da muryar injin. Duk wanda ya ji haka ya san inda ɓarawonsa ya fito.

Ya kamata kuma a rarrabe, domin ba kowace ƙara ce ƙugi ba. Akwai ziza mai kaifi kamar ta ƙudan zuma, wadda galibi ke fitowa daga cajar waya da ta kwamfuta, da ƙwan lantarki mai araha, da inbata mai arha wadda wutarta ba ta fita sumul. Akwai tit-tit-tit ɗin da muka fara ji tun da wayar salula ta shigo a 2001, wanda maganinsa kawai a nisanta waya daga kaya. Ita kuwa kuwwa ba ruwanta da wutar gida. Sautin lasifika ne ke komawa cikin makirufo ko cikin ƙwarya ya sake fitowa, sai a juya lasifika ko a rage murya.

Maɗauki iri biyu ne. Na farko maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi dubbai, irin wanda ke kan jita tun farkon shekarun 1930. Wannan ba ya jin komai sai tsarkiyar ƙarfe. Goge da kukuma kuwa izgar doki ce tsarkiyarsu, gurmi da garaya da molo na yanzu galibi zaren roba ne irin na masunta, saboda haka yawancin yaranmu na biyun suke sawa, wato ɗan faifan tagulla mai farin tsakiya da ake cirowa daga agogon ƙararrawa ko kayan wasan yara. Farin nan yana fitar da wuta idan an matsa shi ko an girgiza shi, abin da 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano a jikin wasu duwatsu a 1880. Ana manna faifan a ƙarƙashin jaki ko a kusa da shi, inda girgizar tsarkiya ke sauka kan fata.

A nan ne kuskure ya fi yawa, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Faifan yana da wuri biyu na like waya da dalma, farin tsakiya da tagullar gefe. Farin shi ne mai ɗauke da sauti, shi ake kai wa kan fulogi. Tagullar ita ce ƙasa, ita ake kai wa jikin fulogi. Idan aka juya su, sauti zai fito, shi ya sa yaro ba ya gane ya yi kuskure, amma ya mayar da dukan tagullar da duk wani ƙarfe da ke jikin kayan eriya mai tsinto ƙugi. Sa'an nan ga batun wayar kanta. Mun ga gurmi da yawa da aka haɗa da wayar nan ja da baƙa ta lasifika, ko guntun wayar fanka, saboda ita ce a hannu. Araha ba ta ado. Wayar da ta dace ita ce mai sulke, wato siririyar waya a tsakiya, an rufe ta da roba, sa'an nan an kewaye ta da saƙar jan ƙarfe. Duk wanda ya ga mahayan da suka yi hawan daba a nan Kaduna a 1977 ya san abin da muke nufi da sulke: saƙar ƙarfe ce da ke karɓar sara a madadin jiki. Haka saƙar nan ke karɓar tasirin wutar gida ta zubar da shi ta jikin amfilifaya, sautin da ke tsakiya ya wuce lafiya. Amma fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan aka feɗe sulken aka bar tsawon ɗan yatsa tsirara a bakin faifai ko a bakin fulogi, ta nan ƙugi zai shiga. A feɗe kaɗan, a like da sauri, domin zafin da ya daɗe yana cinye farin faifan.

Akwai wata halayya ta wannan faifai da ba kowa ya sani ba. Kamar rijiya ce mai ƙaramin ido: ruwanta mai kyau ne, amma in an zura babban guga sai a kwaso laka. Faifan yana son mashigar da turjiyarta ta kai om miliyan ɗaya ko fiye, alhali mashigar mikisa ta yau da kullum ba ta wuce wajen om dubu goma ba. Idan aka jona shi kai tsaye, kaurin sautin ya zube, gurmi ya koma kamar ana kaɗa gwangwani, sai mai kaya ya murɗa murya har ƙarshe don ya cike giɓin, ƙugi kuwa ya samu abin da yake so. Maganin wannan ɗan ƙaramin da'ira ne mai taransista ɗaya da batir mai bolt 9, wanda kowane mai gyaran rediyo zai iya haɗawa, a ajiye shi kusa da faifan iyakar iyawa. A sa shi cikin gwangwanin madara ko na tumatir, a like gwangwanin da sulken waya, domin ya zama ɗakin ƙarfe da tasirin waje ba ya ratsawa, dabarar da Faraday ɗin nan ya gwada a 1836. Wani abin sha'awa, kuntigi irin na Ɗanmaraya, da yake da gwangwanin kifi ake yin sa, ya zo da ɗakinsa tun daga maƙera. Mai ƙwarya kuwa yana iya shimfiɗa takardar jan ƙarfe ko ta alminiyom a cikinta, da sharaɗi biyu: kada ta taɓa fata, don za ta kashe amo, kuma lalle a haɗa ta da sulke. Takardar da aka shimfiɗa aka bar ta ba haɗi, ƙara ɓarna take yi. Alminiyom ba ya karɓar dalmar da muke amfani da ita, sai a ɗaure shi da ƙusa mai murɗi.

Ga wanda ya sa tsarkiyar ƙarfe ya naɗa maɗaukin maganaɗisu, sulke ba zai raba shi da ƙugi duka ba, domin maganaɗisun taransifoma da sitabilaiza da fanka yana ratsa jan ƙarfe kamar babu shi. Ko dai ya nisance su, ko ya yi abin da Seth Lover na kamfanin Gibson ya nemi rajistarsa a 1955: naɗi biyu, ɗaya ya saɓa wa ɗaya, maganaɗisunsu ma a juye, sai ƙugin da kowanne ya tsinto ya kashe na ɗan'uwansa, sautin tsarkiya kuma ya haɗu ya ƙaru.

Yadda za a kama mai laifi

Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya fara da ƙarfen dalma, da kunne yake farawa. Abu na farko, tun kafin hannu ya taɓa komai, a ɗora testa a jikin amfilifaya, in da hali a auna da mita, a tabbata jikin ba ya ɗauke da wuta. Daga nan a zare kayan kiɗan gaba ɗaya. Idan ƙugi ya ci gaba har bayan an mayar da murya sifiri, gurmi ba shi da laifi. Mai yiwuwa manyan kafasitocin amfilifaya ne suka bushe, abin da zafin watan Maris da Afrilu ke gaggautawa. Wannan aikin mai gyara ne, domin suna riƙe wuta ko bayan an zare fulogi. Idan kuwa shiru ya samu, a mayar da gurmi da wata wayar da aka amince da ita, sa'an nan a taɓa ƙarfen fuloginsa. In ƙugi ya ragu, haɗin daidai yake, sulke ne bai isa ba. Jikin makaɗi ne ke tsinto ƙugin yana miƙa wa faifan. In ƙugi ya ƙaru, to an juya wayoyi ko haɗin ƙasa ya tsinke a wani wuri. Makaɗi ya juya gabas ya juya kudu da kayan a hannunsa. In ƙugin yana hawa yana sauka, akwai taransifoma ko sitabilaiza a kusa. A riƙa kashe kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, fanka, ƙwai, caja, har a ji wanda ya yi shiru da shi. Gwajin da ya fi kowanne yanke gardama shi ne a kunna kayan da batir zalla, a zare komai daga bango.

Idan nisan makaɗi da mikisa ya wuce kamar mita shida, waya mai sulke ita kaɗai ta fara gazawa. A nan ake bukatar ɗan akwatin da masu sana'a ke kira DI, da wayar makirufo mai ƙafa uku, wadda ke ɗauke da sautin ta hanya biyu masu saɓa wa juna don ƙugin hanya ya kashe kansa.

Ƙafa ta uku

Jama'a, yanzu muka zo kan abin da ya tara mu. Kalmar ƙasa a wannan sana'a abu biyu take nufi, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke jawo asara. Akwai ƙasar sauti, wato sulke da gwangwani da jikin fulogi da muka yi bayani. Aikinta tsabtace murya. Akwai kuma ƙasar tsaro, wato koriyar waya, ko kore da rawaya, wadda ke tashi daga doguwar ƙafar fulogi mai ƙafa uku ta bi bango har zuwa turken ƙarfe da aka kafa a cikin ƙasa. Masu aikin wuta suna ce mata at. Rediyon mota ba shi da turke a ƙasa, kuma ba ya ƙugi. Ita wayar ƙasa takan rage ziza a wasu lokuta, amma ba don haka aka yi ta ba. Don rai aka yi ta.

Ga yadda fitinar ke faruwa. A wurin biki an jona mikisa da kwamfuta a soket ɗin bango, amfilifaya kuma an jawo mata wuta daga wani ɗaki ko daga gidan maƙwabci. Kowacce tana da tata hanyar zuwa ƙasa, ga kuma sulken wayar sauti ya haɗa su, sai aka samu zobe. Ɗan bambancin da ke tsakanin ƙasar can da ta nan ya isa ya sa wuta ta riƙa zagaya zoben, tana bi ta sulken da aka sa don tsaro, ƙugi ya cika fili. Sai wani gwani ya zo da filaya ya karya doguwar ƙafar fulogin amfilifaya. Nan take a ji tsit, a yi masa tafi. Ba mu musun cewa dabarar tana kashe ƙugi. Da ba ta kashewa da ba ta yaɗu ba. Abin tambaya shi ne me aka bayar aka sayi wannan shirun.

Ranar da wata waya mai wuta ta kwance a cikin amfilifaya ta taɓa jikinta, ko rufin naɗin taransifomarta ya ƙone, in ƙafar nan tana nan, wutar za ta bi ta ta gudu, abin da aka sa don katsewa ya katse. In babu ita, jikin amfilifaya zai tsaya da bolt 230 yana jira, ba ƙara ba hayaƙi, kuma sulken da muka yaba ɗazu shi zai kai wutar har kan makirufo da fulogin gurmi da tsarkiyar ƙarfe. Wanda ya fara taɓawa shi ne wayar ƙasa. Jikin mutum yana fara jin wuta tun daga kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Idan ta haura kamar kashi goma cikin dubu, hannu yana iya ƙanƙamewa ya kasa saki. Abin da ya wuce hamsin cikin dubu, in ya ratsa ƙirji, yana iya rikita bugun zuciya. Fis ɗin da ke cikin fulogi kuwa na amfiya 13 ne. Waya yake karewa daga gobara, mutum zai daɗe da rasuwa bai ko yi ɗumi ba. A 1972 wani makaɗin jita mai suna Les Harvey ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya, gaban 'yan kallo, da ya taɓa makirufon da ba shi da haɗin ƙasa. A 1976 Keith Relf ya mutu a gidansa a Landan yana kaɗa jitar da haɗin ƙasarta ya lalace. Waɗannan a ƙasar da ake duba wayoyin gida ke nan. A tuna yadda namu makaɗin yake: ga gumi, ga ƙafa ba takalmi, ga damina ta jiƙa fili. Ba kuma makaɗa kaɗai ba. Ladanin da ya fito daga alwala da danshi a hannu ya kama makirufon ƙarfe a kan siminti, haɗarinsu ɗaya.

Ba filaya kaɗai ke cire wannan ƙafa ba. Wanda ya sa murfin biro ya danne ramin sama na soket ya cusa fulogi mai ƙafa biyu, ya cire ta. Akwai ekistenshan a kasuwa mai ramuka uku a fuska, in an buɗe cikinsa waya biyu ce kacal. Mafi muni shi ne mai wayon da ke haɗa ramin ƙasa da nutural a bayan soket, wai ai duk ƙasa suke komawa. A unguwannin da ake yawan sauya layi idan wani ya ɗauke, ranar da aka juya laif da nutural, ko nutural ya tsinke a kan falwaya, jikin kowane kaya da ke gidan ya zama laif. Haka nan wanda ke ɗaura waya a bututun ruwa. A da bututun ƙarfe ne a binne, yanzu roba ce, ba inda wutar za ta je sai jikin mai buɗe famfo.

Maganin zoben nan ba shi da tsada. A ɗauki wutar dukan kayan sauti daga wuri ɗaya, ta ekistenshan ɗaya mai waya uku na gaskiya. In dole sai an raba, a yanke zoben ta ɓangaren sauti, da ƙaramar taransifomar raba sauti ko maɓallin da ke jikin akwatin DI wanda aka yi domin haka. Ɓangaren wuta ba a taɓa shi. Ra'ayinmu kuma shi ne mai faifan tagulla kada ya haɗa tsarkiyarsa da ƙasa kamar yadda ake yi wa jita; in sulkensa ya cika ba ya bukatar haka, kuma ya rage hanya ɗaya da wuta za ta bi ta same shi.

Shi kansa turken ƙasa yana da magana. Ƙasar Kaduna ja ce mai marmara, tana riƙe danshi da damina, amma daga Nuwamba zuwa Maris sai ta bushe ƙayau, turjiyarta ta hau. Turken da ya yi kyau a Agusta yana iya zama ƙarfen banza a Fabrairu. A nemi mai rufin jan ƙarfe na gaske, ba wanda aka shafa wa launi ba, a kafa shi da zurfi a wuri mai laima, in ɗaya bai isa ba a ƙara wani a nesa da shi a haɗa su. Gawayi da gishirin da magabatanmu a sana'a ke zubawa a ramin suna taimakawa, sai dai gishiri yana cin ƙarfe kuma ruwa yana wanke shi, don haka ba aikin yi-ka-manta ba ne. Bari mu yi ɗan lissafi: in turjiyar turke om 50 ce, wutar da za ta bi shi daga bolt 230 ba ta kai amfiya 5 ba. Fis mai 13 ba zai ƙone ba, jikin kayan kuma yana nan da wuta. Shi ya sa turke ba ya wadatarwa sai da na'urar nan mai gano yoyon wuta, wadda ake sayarwa da sunan RCD. Tana auna abin da ya fita ta laif da abin da ya dawo ta nutural, in ta ga giɓin kashi 30 cikin dubu na amfiya sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Kuɗinta bai kai na lasifika ɗaya ba, kuma tana da maɓallin gwaji da ya kamata a danna kafin kowane taro. Haɗa ta da janareta yana da nasa tsari, domin yawancin ƙananan injina ba a ɗaure nutural ɗinsu da jikinsu ba. Wannan a bar wa mai takardar shaidar aikin wuta.

Mai girma Shugaba, abin da muke roƙon ƙungiya bai fi ƙarfinta ba. Muna cikin garin da ya fi kowane gari a Arewa gatan wannan ilimi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta faro tun 1956, hedikwatar hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, tana nan cikin gari, ga kwalejin koyon sana'a ta gwamnati a Malali, kuma an riga an buɗe hanyar da masu sana'ar Panteka ke samun takardar shaidar ƙwarewa. A ware wani abu daga asusun tallafin karatu domin yaran da ke wannan aiki su samu irin wannan takarda. A cikinmu akwai dattawan da suka yi ritaya daga gidan rediyon da aka kafa a garin nan a 1962, da waɗanda suka yi aiki a tsohuwar NEPA; sanin da ke kansu ya fi duk abin da muka faɗa yau, kuma ba mu ga wanda aka roƙa ya ƙi ba. A duba wayoyin ɗakin taronmu na nan da na gida, da na masallacin da ƙungiya ta gina, a sa musu RCD, a auna turakunsu a watan Maris kafin ruwa ya sauka, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Duk kuma wanda ƙungiya za ta ɗauki hayar kayansa, a sa cikin sharaɗi cewa za a duba fuloginsa ɗaya bayan ɗaya.

Mu a namu ɓangaren, kwamiti zai zauna a ofishin ƙungiya ranar Asabar ta farkon kowane wata, daga ƙarfe 10 na safe zuwa azahar, da mita da dalma da waya mai sulke. Duk mai gurmi ko garaya ko kukumar da ke ƙugi ya zo da ita, ya haɗo da amfilifayarsa da ekistenshan ɗin da yake aiki da shi, domin shi za mu fara buɗewa.